Bawul ɗin da Ba Wanda Zai Rufe

Auta ta shigo masana'antar da safe, jaka a kafaɗa, ta tarar an yi wa aikinta ƙari. Can a ƙarshen bututun baya na manifol ɗin da ta zana, inda ta bar hanya a buɗe, ga wani bawul nan an ɗaura, irin marufin da ake murzawa a toshe bututu, ja, sabo fil, da sitiyarinsa mai faɗin faranti. Ta ajiye jakar a kan benci, ta zagaya shi, ta sake zagayawa ko idonta ne. Ba idonta ba ne.

Wanda bai taɓa ganin manifol ba bai yi asarar kallo ba. Tarin bututu ne masu kauri da bawul-bawul, a ɗaure kan gindin ƙarfe, ana kai shi bakin rijiyar mai. Abin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa, laka da gas da mai, da fushinsa yake tasowa, sai a bi da shi ta nan. A tsakiya akwai wani matsattsen maƙogwaro da ake kira cok, shi ke karya ƙarfin abin. Gaban cok, ƙarfen yana ɗaukar matsi har fam dubu goma. Bayan cok kuwa, inda abin ya riga ya yi laushi, bututun bai kai wancan kauri ba, dubu ɗaya ne iyakarsa. Wannan ba laifi ba ne muddin hanyar baya a buɗe take. Amma a toshe ƙarshenta, abin da ke wucewa ya rasa mafita, sai matsin gaba ya cika baya taf, dubu goma a kan ƙarfen dubu ɗaya. Mutane kuma a nan gefen suke tsayawa.

Baba Foman, dattijon da ke kula da masu walda da masu ɗauri, yana can gefe yana goge sifanar da ba ta da datti.

"Baba, wa ya sa wannan?"

"Ni na sa, Injiniya. Amma ba ni na ce a sa ba."

"To wa ya ce?"

Dattijon ya nuna ofishin sama da leɓe, ya ci gaba da gugar sifana.

Masana'antar ta Yaya ce, babban wansu. Shi ya shekara da shekaru a bakin rijiyoyi kafin ya dawo ya kafa wurin da runfa ɗaya da injin walda na haya. Da mahaifinsu ya rasu Auta tana 'yar firamare, shi ya ɗauke ta ya haɗa da 'ya'yansa. A kan wannan bencin ta yi aikin makaranta, ƙarar guduma na dukan kunnenta, har ta zama in wuri ya yi shiru ba ta iya karatu. Ranar da ta gama jami'a ya sa aka share mata ɗaki a sama, ya miƙa mata makulli a gaban ma'aikata, yana washe baki kamar shi ya zauna jarrabawar. Duk baƙon da ya zo kuwa sai ya sha labarin "ƙanwata injiniya" kafin a ba shi ruwa. Tana son sa, so irin na wanda ya zame maka uba bai taɓa yi maka gori ba. Sai dai Allah ya yi su da kafiya iri ɗaya, kuma gidan bai taɓa gwada ranar da za su ja igiya ɗaya kowa ta gefensa ba.

Ta hau benen ta same shi yana shan shayi a tsaye, waya maƙale a kafaɗa. Ta jira ya gama.

"Yaya, bawul ɗin nan na ƙarshe ba ya cikin zane."

"Yanzu yana ciki. Mutanen kamfanin haƙa ne suka ce suna so, don in za su canza tiyo su rufe. Na ce musu an gama."

"To a sa masa sefti a gabansa. Bawul ɗin da in matsi ya wuce ƙa'ida zai buɗe da kansa ya zubar. Ko kuma a canza bututun baya duka, a sa mai ɗaukar dubu goma."

"Sefti sai an yi odarsa, sai ya zo, sai an ja masa layinsa. Na ba mutane rana, Auta. Ni ban taɓa ba da rana na saɓa ba."

"In wani ya rufe wannan ana cikin aiki fa?"

"Wa zai rufe? Mahaukaci? Za a sa sarƙa da kwaɗo, a rubuta da jan fenti. Ba wanda zai rufe shi."

"Yaya, kwaɗo makulli gare shi."

Ya ajiye kofin. "Ke kin taɓa kwana a bakin rijiya? Ni na san mutanen nan. Mutumin da ya san aikinsa ba ya taɓa bawul ɗin baya ana cikin gudana. Wannan ko jariri ya sani."

Ta ce ba za ta sa hannu a zanen ba. Ya ce ba komai, garin cike yake da injiniyoyi masu biro. Nan maganar ta tsaya, amma Auta ba ta tsaya ba. Ta tayar da ita a mota suna komawa gida, ya ƙara ƙarar rediyo. Ta bi ta wajen matarsa, Anti ta ce ita dai a fitar da ita daga maganar ƙarfe, abin da ta sani kawai mijin nata in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya lallashin kansa. Ta zana masa yadda layin seftin zai bi ba tare da an yanka komai ba, ta ajiye a teburinsa, da ta dawo ta tarar ya ɗora kofin shayi a kai.

Ana gobe wakilin kamfanin zai zo ganin gwaji, Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakinta. Bai shigo ba.

"Na gaji da maganar nan. Gobe akwai baƙo. In kika kunyata ni a gabansa, wallahi ki ajiye min makullina ki nemi wani wurin. Kin san ba na magana biyu."

Ta sani. Ta kalli teburinta, da tagar da take hango duk filin aiki ta cikinta, da kujerar da shi da kansa ya je ya zaɓo mata don bayanta na ciwo. Tsoro ya kama ta, ba ƙarami ba. Ba rashin aikin take tsoro ba, tana da takardun da za su ci da ita a ko'ina. Yaya take tsoron rasawa. Amma duk lokacin da ta rufe ido sai ta ga wani mutum da ba ta sani ba, da hular kwano, a tsaye gefen bututun baya, hannunsa a kan jan sitiyari.

Washegari baƙon ya zo, wani siririn mutum mai tabarau da farar riga mai guga, takalminsa na ƙyalli kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Aka fara da gwajin matsi. Aka cika bututun da ruwa, kowa ya koma bayan katangar kankare, aka matsa gaba shi kaɗai zuwa ƙa'idarsa, aka matsa baya shi kaɗai zuwa tasa. Ko ɗigo bai fita ba. Waldar Baba Foman ba ta wasa ba ce. Yaya ya dubi ƙanwarsa ta gefen ido, irin kallon nan na "kin gani?" Ita kuwa ta yi kamar ba da ita ake ba, don ba ta taɓa cewa ƙarfen zai yi yoyo ba.

Saura gwajin gudana, wanda ake yi don baƙo ya ga cok na buɗewa da rufewa. Wannan aikin Auta ne, ita ke saita famfo. Ta saita shi ƙasa-ƙasa, ƙarfin da ko tiyon wanke mota zai ɗauka, yadda ko me ya faru ba wanda zai ji ciwo. Ta ɗaura geji biyu, agogon auna matsi, ɗaya a gaban cok, ɗaya a baya, ta juyo da fuskokinsu inda kowa zai gani. Ruwan zai shiga ta gaba, ya bi ta cok, ya wuce jan bawul, ya faɗa wani baƙin tiyo da ke kai shi tanki. Tun da sassafe, kafin kowa ya iso, ta sassauta notin da ya riƙe tiyon nan.

Sarƙa da kwaɗon kuwa ba ta taɓa su ba, ba ta ma buƙata. Suna nan a jikin sitiyarin kamar yadda Yaya ya yi alkawari, da rubutun jan fenti a sama: KADA A RUFE. Amma kwaɗon a rataye yake kawai, ba a datse shi ba. Haka ake yi a wurin nan, haka ake yi a duk inda ta taɓa leƙawa. Wanda ya datse kwaɗo shi zai yi yawon neman makulli, saboda haka sai a saƙala shi a juya bakinsa, daga nesa ka rantse a kulle yake.

Aka kunna famfo. Allurar gejin gaba ta hau ta tsaya, ta baya ta kwanta kusa da sifiri. Yaya na gefen baƙo yana bayani da hannu biyu, ma'aikata sun yi da'ira. Auta ta tsaya jikin famfon. Lissafinta shi ne ɗaya daga cikin ma'aikatan zai yi abin. Wataƙila wani mai ɗauri da ke cikinsu mai rawar kai, wataƙila ma Baba Foman. Sai ta ce, "Yaya, ka gani?" a wuce wurin, fushinsa ya sauka a kanta na ɗan lokaci ya huce.

Tiyon ya yi ɗan tsalle, ya sake yi, sai ya fizge. Ruwa ya yi feshi sama kamar an fasa babban famfon unguwa, ya sauko a kan farar rigar baƙo da tabaransa da takalminsa. Ma'aikata suka watse ana "kai! kai!"

Ta manta abu ɗaya. Duk wurin nan ba wanda ya kai Yaya zafin nama. Kafin mai rawar kai ya gama buɗe baki, Yaya ya yi tsalle ɗaya ya isa bawul ɗin. Ya fincike sarƙar, kwaɗon ya faɗi ƙasa, ya kama jan sitiyari da hannu biyu ya murza, ya murza, har ya ƙure. Ruwan ya tsaya cak. Ya juyo yana haki, rigarsa sharkaf, fuskarsa ɗauke da murmushin wanda ya ceci taro.

Ba wanda ya mayar masa da murmushin. Kowa gejin baya yake kallo. Allurar da ke kwance ta miƙe, ta hau, ta hau, ta je ta tsaya daidai inda ta gaba take.

Auta ta kashe famfo. Ta so a ce wani ne, Allah ya sani ta so. Amma abin ya riga ya faru, kuma ba ta shirya duk wannan don ta haɗiye maganar a ƙarshe ba.

"Yaya, da a bakin rijiya ne, wannan allurar dubu goma take nunawa. Bututun da ka jingina da shi dubu ɗaya yake ɗauka."

Ya kalli gejin. Ya kalli hannunsa, da ke kan sitiyarin har yanzu, ya janye shi a hankali kamar ƙarfen ya yi zafi. Rubutun jan fentin yana daidai saitin goshinsa.

Baƙon ya cire tabarau ya goge da gefen rigar da ita ma a jiƙe take. Ya durƙusa ya ɗauki kwaɗon, ya juya shi, ya ga bakinsa a buɗe. Ya ɗan yi dariya ta hanci.

"Namu ma haka suke rataye shi," in ji shi. Ya dubi Auta. "Injiniya, me ake buƙata?"

"Sefti a gaban wannan bawul, ranka ya daɗe, da layinsa zuwa wurin zubarwa. Kuma kada a sa wani bawul a ƙarƙashinsa, ko da sarƙa goma."

"A sa. Za mu jira." Ya miƙa wa Yaya hannu. "Maigida, ka yi sa'ar ƙanwa."

Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Yaya ya karɓi hannun, ya raka shi har mota, ya tsaya har motar ta fita. Sannan ya dawo. Ma'aikata kowa ya samo wa kansa aikin gaggawa a lungu mafi nisa, Baba Foman har da shiga sito ya ja ƙofa.

"Ke kika kwance tiyon."

"Ni ce."

"A gaban baƙo. A gaban yarana."

"Na faɗa maka a ofis, Yaya. Na faɗa maka a mota. Na aika Anti. Na zana na ajiye maka."

"Ni za ki yi wa tarko? Ni?"

"Ba kai na yi wa ba. Ban san kai za ka riga kowa ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Amma tunda kai ɗin ma ka rufe, wa ya rage da ba zai rufe ba?"

Ya miƙo tafin hannu. Ta gane. Ta ciro makullin daga zoben makullanta, farcenta har ya karye wajen cirowa, ta ɗora masa. Ba ta roƙe shi ba, shi ma bai ƙara kallonta ba.

Da yamma Inna, mahaifiyarsu, ta aika aka kira ta. Labari ya riga ta isa, kamar kullum.

"Ke yanzu wan naki za ki jiƙa a gaban mutane? Mutumin da ya goya ki? Gobe ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri."

"Inna, zan durƙusa in ba shi haƙurin jiƙa shi, da na kunyar da ya ji. Wannan laifina ne. Amma in yana jira in ce da ban yi ba, to zai daɗe yana jira."

"Kai, wannan yarinya! Kan ubanku kuka ɗauko ku biyun, ba wanda ya ɗauko nawa."

Ta je ɗin kuwa. Ta durƙusa a falonsa ta faɗi abin da ta ce za ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Ya saurara yana kallon talabijin. Da ta gama ya ce, "Na ji," ya tashi ya shige ciki. Anti ta rako ta har bakin ƙofa tana cewa ta ba shi lokaci, amma yadda ta faɗa ɗin ya nuna ita ma ba ta san ko wane irin lokaci ba.

Bayan 'yan makonni Baba Foman ya kira ta a waya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata, ya ce yau da hantsi za a ɗauki manifol. Ta hau motar haya ta je. Maigadi, wanda ya san ta tun tana zuwa da kayan makaranta, ya tare ƙofa yana kallon ƙasa.

"Injiniya, ki yafe ni. Maigida ya ce..."

"Na sani, Baba. Yi aikinka."

Ta koma ta tsaya a bakin titi cikin rana. Da babbar motar ta fito da kayan a ɗaure a bayanta, Auta ta shiga gabanta ta ɗaga hannu. Direba ya taka burki yana salati.

"Hajiya, lafiya? Maigida fa ya ce kada..."

"Cikin gida nasa ne. Titi ba nasa ba ne. Tsaya."

Ta tattare zanin jikinta, ta taka taya, ta haye. Ga seftin nan a gaban jan bawul, a miƙe, da layinsa ya bi ta gefe daidai yadda ta zana. Ta karanta lambar da aka buga a jikinsa, ƙasa take da ƙa'idar bututun, kamar yadda ya kamata. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinsa, ta shafa da hannu har gindin, don abin da ya hana ta barci ke nan, kada a ce an saƙala masa wani ɗan bawul a ɓoye. Babu. Hanya ce fetal daga bututu zuwa sefti, ba abin da hannun mutum zai kama ya murza.

Da ta miƙe ta hango Yaya ta saman katanga, a tsaye a ƙofar runfa, hannu a aljihu. Tun ɗazu yake kallonta. Ta ɗaga masa hannu, ta ce da ƙarfi yadda zai ji, "Ya yi, Yaya!"

Ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu. Sai ya juya ya koma ciki, maigadi ya turo ƙofar ƙarfen ya rufe.

Ta sauko, ta buga jikin motar sau biyu, direba ya ja. Ta tsaya har motar ta sha kwana. Hawaye ya zo mata, ta bar shi ya zubo, don zafin abin ya kai a yi kuka, kuma ba ta ga wanda za ta ɓoye wa ba. Amma ko da tana kukan ta san da za a mayar da ita waccan safiyar ta gwaji, sai ta sake kwance tiyon. Ta goge man da ya shafe mata tafin hannu da gefen mayafi, ta tsallaka titi ta tsaya jiran mota.